Gani Ya Kori Ji: Tarihin Ɗan Makarantar Da Aka Rufe Wa Ƙofa

Ranar 1 ga Janairun 2021 gwamnatin Cadi ta killace birnin Njamena saboda cutar korona da ta sake yunƙurowa. Aka rufe makarantu da jami'o'i da wuraren ibada na cikin birnin, aka tsare hanyoyin shiga da fita, da farko na mako guda, daga baya aka tsawaita. Dokar ta Njamena ce kaɗai. Ke nan yaron da ke zaune a Abena ko Shaguwa ko Dembe yana gida, alhali sa'ansa na Mundu ko Abeshe ba ya cikin wannan kulle. Ƙasa ɗaya, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya ke jiransu a ƙarshen shekara, amma ɗaya an rufe masa ƙofa, ɗaya kuwa tasa a buɗe take.

A cikin wannan watan ne kuma, can a Amurka, majalisun jihohi suke ta kai ruwa rana a kan tambayar da ta yi kama da wannan: idan makarantun gundumar da yaro yake zaune sun ce karatu sai dai ta intanet, makarantun gundumar da ke maƙwabtaka da su kuwa suna karɓar yara a aji, shin iyaye na da ikon ɗauke ɗansu su kai shi can? Idan sun kai shi, kuɗin da gwamnati ke kashewa a kansa zai bi shi ko zai tsaya inda ya baro? Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce, ba ta shafe mu ba. Ni kuwa ina ganin tsohuwar maganarmu ce suka yi da wani harshe. Tarihin makaranta a Cadi, daga farkonsa har yau, cike yake da ƙofofin da aka rufe da yaran da suka yi ƙaura neman waɗanda ke buɗe. Bambancin kawai shi ne su doka ce ke tare yaro, mu kuwa aljihun mahaifinsa ne.

Bari mu fara da dalilin da ya sa Amurkawa ke buƙatar doka kafin yaro ya canza makarantar gwamnati. A can, ƙasar a yanke take gunduma-gunduma ta fuskar ilimi, sun haura dubu goma sha uku, kowace da hukumarta. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun daga harajin gidaje da filayen da ke cikin gundumar yake fitowa. Unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta na da kuɗi, unguwar talakawa kuwa sai abin da hali ya yi. Adireshin yaro shi ke yanke masa makarantar da zai je. A 1973 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar da ta taso daga San Antonio ta jihar Texas, ta ce wannan tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulkin tarayya ba. Shekara guda bayan haka, a shari'ar birnin Detroit, ta sake ƙarfafa iyakokin gundumomin. Iyakar nan ba wasa ba ce: a 2011 an kai wata uwa kurkuku na 'yan kwanaki a jihar Ohio don ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta sa 'ya'yanta mata a makarantar gundumar da ba tasu ba.

Jihar Minnesota ce ta fara huda wannan katanga a 1988, lokacin da ta yi dokar da ta ba kowane ɗalibin jihar damar neman gurbi a wata gunduma, kuɗin jiha kuma ya bi shi. Jihohi da dama suka bi sahu, wasu da gaske, wasu kuma suka bar wa gundumomi ikon cewa a'a. Haka aka yi ta tafiya har korona ta zo a watan Maris na 2020 aka rufe ko'ina. Da kaka ta yi sai kawuna suka rabu. Gundumomin karkara da ƙananan garuruwa da yawa suka buɗe, manyan birane da yawa suka tsaya a karatun kwamfuta. A jihar Utah, gundumar birnin Salt Lake ita kaɗai ta fara shekarar karatu kacokan ta intanet, har 'yan majalisa suka yi barazanar hana malamanta wani kuɗin alheri da aka ware wa malaman jihar. A jihar Iowa, gundumar Des Moines ta yi fito-na-fito da gwamna Kim Reynolds a kan batun. A ƙarshen Janairun 2021 gwamnar ta sa hannu a dokar da ta tilasta wa kowace makaranta ba iyaye zaɓin karatun aji na cikakken mako, a watan Mayu kuma ta sa hannu a wata da ta ƙwace wa gundumomi biyar, har da Des Moines, ikon da suke da shi na hana ɗalibai fita zuwa wata gunduma. Jihar Kentucky ita ma a wannan shekarar ta yi dokar da ta sa kuɗin jiha ya riƙa bin ɗalibin da ya tsallaka gunduma.

Masu goyon bayan irin waɗannan dokoki suna cewa mai kuɗi dama can ba ya jiran doka. Da aka rufe makarantun gwamnati ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ko ya ɗauko malami har gida, ko ya tattara ya koma wata unguwa. Wanda aka bari gaban kwamfuta shi ne ɗan mai sharar asibiti da ɗan direban bas. Masu adawa kuma suna cewa ai ko an buɗe iyakar, wanda ke da mota da lokacin kai yaro da ɗauko shi ne zai tsallaka, kuɗi ya bi shi, makarantar da ya baro ta ƙara talaucewa a kan waɗanda ba su da ƙafar tafiya. Dukkansu akwai ƙamshin gaskiya a bakinsu. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne asarar: a jarrabawar auna ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya ta 2022, makin lissafi na 'yan aji takwas ya faɗi da maki 8, na 'yan aji huɗu da maki 5, faɗuwar da ba a taɓa ganin irinta ba a tarihin jarrabawar.

Faransa, wadda daga gare ta muka gaji tsarin lakwal, ita ma tana da irin wannan katanga. Tun 1963 take da taswirar makarantu wadda ke ɗaure yaro da makarantar unguwarsu, sai a 2007, zamanin Sarkozy, aka sassauta ta. Mu a nan mun gaji manhajar da sunayen azuzuwa da jarrabawar bakaloriya, amma katangar unguwa ba ta taɓa yin ƙarfi irin haka ba, domin sai makaranta ta wadata a kowace unguwa sannan ake tilasta wa yaro ta unguwarsu. Tarihinmu ya bi wata hanya dabam.

Kafin zuwan Bature, ilimi a wannan yanki abu ne da ake bi da ƙafa. Almajiri ya gama abin da malaminsa ke da shi, ya ɗauki allonsa ya nufi wani malamin, daga Kano zuwa Borno, daga Borno zuwa Bagirmi ko Wadai. Ba mai tambayarsa takardar canjin makaranta. Hausawan da suka zauna a ƙasar nan da yawansu ta hanyar aikin hajji suka zo, suka yada zango a Fort-Lamy da Abeshe, wasu suka wuce, wasu zama ya kama su, kamar yadda John Works ya bayyana a littafinsa na 1976 a kan al'ummomin Hausawa a Cadi. Mutanen da suka taka dubban kilomita da ƙafa ba za su ga baƙon abu ba a tura yaro wani gari neman karatu. A wancan tsari ɗalibi ke zaɓen malami, kuma malamin da ya daina koyarwa sai ya wayi gari zaurensa babu kowa.

Makarantar boko ta juya lamarin. An kafa Fort-Lamy a 1900, bayan yaƙin Kusiri da Rabe da kwamanda Lamy suka mutu a cikinsa, amma makarantar Faransawa ta farko a ƙasar sai a 1911 aka buɗe ta a garin Mao na Kanem. Faransa ba ta zuba wani abin kirki a ilimin Cadi ba. Har zuwa 1942 duk yaron da ke son karatun sakandare na boko sai an tura shi Brazzaville, hedkwatar mulkin Faransa na tsakiyar Afirka, tafiyar makonni. Canjin makaranta na farko a tarihin bokonmu ke nan, kuma ba iyaye ke zaɓa ba, hukuma ke tsamo 'yan ƙalilan ɗin da take buƙata su zama akawu da tafinta da malamai. Ko da aka sami mulkin kai ranar 11 ga Agustan 1960, ƙarƙashin Tombalbaye wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, yawancin yaran ƙasar ba su taɓa shiga aji ba, makarantun da ke akwai kuma sun fi yawa a kudu.

Babbar rufewa ta farko da birnin nan ya gani ba cuta ce ta kawo ta ba, yaƙi ne. Ranar 12 ga Fabrairun 1979 rikici ya tashi a makarantar sakandaren Félix Éboué, daga nan wuta ta kama tsakanin sojojin shugaba Malloum da dakarun firaministansa Hissène Habré. A 1980 aka sake gwabza wani yaƙin a cikin birnin tun daga Maris har Disamba. Jama'a suka tsallaka kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, 'yan kudu suka koma garuruwansu, ma'aikata da malamai suka watse. Wanda ke da dangi ko hali ya tura ɗansa Kamaru ko Nijeriya ko wata ƙasa ya ci gaba da karatu. Wanda ba shi da shi, ɗansa ya yi shekaru ba aji. Waɗannan yaran su ne iyaye da kakannin yau, kuma idan ka zauna da su za ka ji yadda rayuwar sa'o'i biyu ta raba hanya a kan abu guda: ɗaya an samu inda aka kai shi, ɗaya ba a samu ba.

A wannan zamanin ne iyaye suka yi abin da ya zama ginshiƙin ilimin Cadi har yau. Da suka ga gwamnati ba ta da albashin biyan malami, sai suka haɗa kai a ƙauyuka da unguwanni, suka kafa rumfa, suka nemo wanda ya ɗan yi karatu a cikinsu, suka riƙa biyansa da kuɗi ko da hatsi. Daga nan ƙungiyoyin iyayen yara suka yi ƙarfi, malaman da al'umma ke ɗauka kuma suka yawaita har suka kai fiye da rabin malaman firamare na ƙasar. Abin yabo ne, sai dai ya bar mana gado mai nauyi: an saba da cewa idan ƙofar gwamnati ta rufu, iyaye ne za su nemi mafita daga aljihunsu.

Ranar 13 ga Maris 2006 aka sa hannu a doka mai lamba 16 wadda ta tsara alƙiblar ilimin ƙasar. Ta ce karatu a makarantar gwamnati kyauta ne, kuma wajibi ne ga yaro daga shekara 6 zuwa 16. Magana ce mai daɗin ji, an kuma yi ta ne lokacin da kuɗin man fetur na Doba ya fara shigowa. Bayan shekara goma sai aka gwada ta. Farashin mai ya faɗi tun 2014, a 2016 gwamnati ta fito da matakan tsuke bakin aljihu goma sha shida, aka zabtare alawus ɗin ma'aikata. Malamai suka shiga yajin aikin da ya cinye watannin farko na shekarar karatu har zuwa Janairun 2017. A 2018 aka sake yin wasu, na watanni. Malaman na da hujjarsu, wanda aka rage wa abin da yake ciyar da iyalinsa ba za a hana shi kuka ba. Amma a mafi yawan lokacin makarantun kuɗi a buɗe suke. Duk wanda ya zauna a Abena a shekarun nan ya ga yadda aka yi: gida ɗaya yara sun saka kayan makaranta sun hau kilando da safe, gidan da ke kallonsu yara na buga ƙwallo a layi. Ba a buƙaci wata doka ba kafin ɗan mai hali ya canza makaranta. Kuɗin rajista kawai aka buƙata. Ƙananan makarantun kuɗi suka yi ta tsirowa a cikin unguwanni, wasu nagartattu, wasu kuwa ɗakunan haya ne da aka liƙa wa allo.

Sai korona. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Cadi ranar 19 ga Maris 2020, nan take aka rufe makarantu duka, na gwamnati da na kuɗi. Wannan karon ba inda za a gudu. Ma'aikatar ilimi da masu tallafa mata suka koma ga darussa ta rediyo da talabijin da intanet, 'yan azuzuwan jarrabawa kuma aka mayar da su aji a ƙarshen watan Yuni. Karatun nesa a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da wutar lantarki, wadda kuma ba ta daɗe da fitowa daga toshe shafukan sada zumunta da aka yi daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 ba, ma'anarsa a aikace ita ce rediyo mai batir.

Rediyo sana'ata ce, da ita nake ci, ba kuma zan ƙasƙantar da ita ba. Tana shiga inda mota ba ta shiga, tana magana da wanda bai iya karatu ba. Amma mai gabatar da shiri ya fi kowa sanin iyakarta. Ina magana da makirfo ne a ɗakin da ba taga. Ban ganin fuskar mai sauraro, ban san ko ya gane ba, ban san ko an aike shi ɗebo ruwa a tsakiyar zance ba. Labari na jure wannan, darasin raba lamba ba ya jurewa. Malami a aji yana ganin idon yaron da ya ɓace, ya dawo baya ya maimaita. Ga kuma batun harshe: darasin na zuwa da Faransanci ko Larabcin littafi, yaron kuwa a gida Hausa ko Larabcin kasuwa ko Ngambay yake ji, ba kuma wanda zai fassara masa. Hausawa sun gama magana da suka ce gani ya kori ji.

Tarihin koyarwa ta iska ma haka ya nuna. A watan Satumban 1937, da cutar shan inna ta sa aka jinkirta buɗe makarantun Chicago, an koyar da yara sama da dubu ɗari uku ta rediyo, jaridu na buga jadawalin darussa kullum, amma na 'yan makonni ne, kuma tun a lokacin an lura cewa gidan da ba rediyo ko ba babban da zai zauna da yaro an bar shi a baya. Maƙwabciyarmu Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a 1964, gwajin da ya yi suna a duniya, sai dai yaran a aji suke taruwa, tare da mai kula da su wanda ke ɗorawa daga inda akwatin ya tsaya. Duk inda koyarwar nesa ta yi amfani, za ka tarar akwai mutum a kusa da yaron. Da babu gara ba daɗi, gaskiya ne, amma kada a kira ba daɗi da sunan makaranta.

Idan muka jera waɗannan shekaru, 1979 da 2016 da 2018 da 2020 da Janairun 2021, har da ambaliyar Oktoban 2022 da ta raba dubban mazauna Waliya da kewaye da gidajensu, za mu ga abu ɗaya na maimaita kansa. Makarantar yaron Njamena za ta sake rufewa, ko don yajin aiki, ko ruwa, ko cuta. Duk lokacin da hakan ta faru, masu hali na da hanyar fita, kuma ba su taɓa neman izinin kowa ba. Dokokin Iowa da Kentucky, duk da siyasar da ke cikinsu, sun amsa wata tambaya da dokarmu ta 2006 ta bari a buɗe: idan gwamnati ta wajabta wa yaro karatu, sannan ƙofar da ta ba shi ta rufu, me take binsa bashi?

Ba ina cewa a kwafo dokar Amurka ba ne. Su suna da kujeru da suka rage a gundumar maƙwabta, mu kuwa ba abin mamaki ba ne ka ga aji ɗaya da yara sama da ɗari a makarantar gwamnati. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna fiye da yara tara cikin goma 'yan shekara goma a Cadi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi, tun ma makaranta na buɗe. Ba wa talaka ikon canza makaranta alhali ba gurbin da zai koma, kamar ba shi tikitin motar da ba ta da kujera ne. Gargaɗin masu adawa a Amurka ma ya fi dacewa da mu: idan hanya ta buɗe ga mai kuɗin kilando kaɗai, an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne.

Abin da tarihin nan ke koya mana ya fi haka sauƙi. Na farko, a rubuta a doka cewa rufe makaranta na da iyaka, idan ya wuce wasu makonni hukuma ta samar wa yaran wurin zama gaban malami, ko da rumfa ce, ko da karatun safe da na yamma ne a makarantar da ke kusa. Na biyu, yaron da ruwa ko rikici ya kora daga unguwarsu a karɓe shi a makarantar gwamnatin da ya tarar ba tare da sabon kuɗin rajista ko yawon neman takarda ba, abin da ake kashewa a kansa kuma ya bi shi. Na uku, idan dole ta sa an koma rediyo, a haɗa ta da mutum: ƙungiyoyin iyayen da suka riƙe makaranta a zamanin yaƙi za su iya tara yara goma-goma a zaure da wani yaya ko malamin unguwa, kamar yadda Nijar ta yi da talabijin shekaru sittin da suka wuce.

Kakanninmu almajirai sun san cewa idan malami ya rufe zaure, ɗalibi na da haƙƙin ɗaukar allonsa ya yi gaba, kuma garin da ya sauka na da haƙƙin ba shi masauki. Boko ta zo ta karɓi nauyin ilimi daga hannun gari ta ce ita za ta ɗauka. To, wanda ya karɓi nauyi shi ake tambaya ranar da kayan suka faɗi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon sauke abin da suka ɗauka.